Akwatin da Ya Gaje Ni

Laranto, Jos
9 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga 'yata Firisila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan da ke tuna mini shekaruna.

Kin tambaya ko har yanzu ni ke bi da addu'ar asuba a majami'a. An hutar da ni. Haka suka kira abin. Kin tuna Badung, ɗan marigayiya mai gwaten bakin tasha? Uwarsa mace ce mai tsoron Allah. Shi kuwa yanzu ɗan kwangila ne a Rayfield, ya yi mota, ya yi tumbi, an ba shi kujera cikin dattawan ikilisiya tun gemunsa bai san furfura ba. Shi ya yi mana kyautar rikoda da lasifika. Ya sa aka ajiye akwatin a gabana 'yan kwanaki yana ɗaukar muryata, na zaci don marasa lafiya ne. Ashe magajina nake koya wa aiki.

Kin san yadda nake yi tun kina goye: aya guda, sai gajeren tunani a kan abin da idona ya gani jiya, sa'an nan in kira majinyatanmu da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu mai shara ke danna maɓalli, muryata ta fito daga saman kwano, ni kuwa ina ɗaki ina sauraren kaina kamar fatalwa. Badung ya ce ci gaba ke nan. Mutumin da asuba ba ta taɓa ganinsa a majami'a ba, shi ne ya san abin da zai gyara ta!

Na tuna wa dattawa abincin da Allah ya saukar wa mutanensa a jeji: wanda ya ɓoye na gobe, tsutsa ya tarar. Su kuwa makullin motar da ke hannun Badung kawai suke duba.

Ki sa Gyang, mijin ƙawarki Lai'atu, cikin addu'a. Ciwon ƙirji ya hana shi lodi a kasuwar Farin Gada.

Ni ne mahaifinki,
Dantong

Laranto, Jos
21 ga Mayu, 1978

'Yata Firisila,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa Gyang ya huta. Ran Alhamis muka binne shi.

Abin da ya biyo baya, da kunya nake rubuta shi. Kin san gidansu bayan majami'a yake. Washegari da asuba, gida cike da masu zaman makoki, sai lasifika ya buɗe baki. Muryata ce, tiryan-tiryan, tana roƙon Ubangiji ya ta da Gyang daga gadon jinya, tana ce wa Lai'atu ta ƙarfafa zuciya domin jiki ya soma sauƙi. Uwar Gyang, tsohuwar nan da idanunta suka tafi, ta miƙe tana lalube, tana cewa Malam Dantong ba ya ƙarya, ɗanta yana da rai, a kai ta wurinsa. Sai da na fito da sanda na kama hannunta, na ƙaryata kaina da bakina.

Maƙwabcinmu Gwadabe tela, wanda ya taya mu haƙa kabarin, ya zo da hantsi ya tambaye ni cikin ladabi ko mu ba a sanar da mai addu'armu in an yi rasuwa.

Shi kuwa mai kyautar, bai tako gidan makokin ba. Direbansa ya aiko da buhun shinkafa. A taron dattawa ya ce ƙaramin kuskure ne, maganinsa in sake ɗauka ba tare da sunan kowa ba, yadda kaset ɗin zai yi shekaru yana aiki. Kin ji hikimar zamani: addu'ar da ba ta san kowa ba, ita ce ba ta lalacewa. Na ce masa ran da akwatinsa ya iya zuwa gaisuwar mutuwa, ya zo mu yi magana.

Ki rubuta wa Lai'atu.

Mahaifinki,
Dantong

Laranto, Jos
18 ga Yuni, 1978

'Yata Firisila,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Man zafin da kika aiko ya iso, gwiwa ta gode.

Tun bayan wancan abu, a tsakar gidan Lai'atu nake buɗe Maganar Allah kowace asuba. Tsohuwar ba ta yarda in fara sai ta shafa fuskata ta tabbata mutum ne. Da kaɗan da kaɗan mata masu kayan gwari da 'yan lodi suka biyo ni can, aka bar lasifika yana wa'azi ga bencuna. Da dattawa suka ga haka, ƙarfin halin da ya ɓace musu ya dawo: suka sauke lasifika, suka roƙe ni in koma. Na koma jiya. Lai'atu ce ta jawo surukarta suka zauna a gaba.

Badung ya aiko an kwashe masa kayansa. Yana faɗa a gari cewa mu ba mu san daraja ba, shi kullum safe yana kunna kaset ɗin a falonsa yana samun albarka. In gaskiya ya faɗa, to, kullum yana amsa amin ga samun sauƙin Gyang. A duk Jos, shi kaɗai ya rage bai je ya ga inda muka kwantar da shi ba.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ni ne mahaifinki,
Dantong