Koren Hasken da Bai Kamata Ya Fito Ba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma idon? Kullum kana cikin addu'armu, Allah Ya kawo sauƙi. Na san matarmu ce za ta karanta maka, don haka ke ma ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya saboda tausayinsa, na san halinki. Mu nan lafiya ƙalau. Maigidan ya daina ɗingishi, sai dai har yanzu yana fakewa da gwiwar idan an ce ya raka ni kasuwa.

Yaya, maganar ƴarka Ƴar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Lafiyarta lau, kada gabanka ya faɗi. Amma ba za ta kammala digirinta a bana ba, kuma mai yiwuwa ko baɗi. Ta kasa gaya maka, shi ya sa kiranka yake shiga ba ta ɗauka. Na roƙe ta ta bar ni in rubuta, ta ɗaga kai kawai.

Bari in yi maka bayanin aikin yadda nake yi wa sababbin ɗalibaina, don ka san abin da ya same ta. A jikin kowace ƙwayar jijiya akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu. Lantarkin jiki ne ke buɗe su, kuma su ne ke kwantar da jijiya bayan ta aika saƙo. Idan suka samu matsala, jijiya ba ta hutawa, wani lokacin abin ya zama farfaɗiya. Ƙofofin iri-iri ne, masu kama da juna kamar ƴan gida ɗaya, kuma ko da madubin ƙara girma ba a ganinsu haka nan. Sai an sayo wani sinadari da ake kira antibodi, wanda aka yi shi don ya manne wa ƙofa iri ɗaya tak. Ana ɗiga shi a kan yankan ƙwaƙwalwar ɓera wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba, a sa masa rini, a shiga ɗaki mai duhu. Duk inda ƙofar take, sai wurin ya yi koren haske. Shekarun nan duka abin da ƴarka take yi ke nan, tana zana taswirar inda ƙofa guda take a ƙwaƙwalwa. Hotunanta sun yi kyau har Farfesansu ya manna ɗaya a ƙofar ofishinsa.

A watan jiya wani ɗakin bincike ya aiko musu da ƙwaƙwalwar ɓeran da aka haifa ba shi da wannan ƙofa kwata-kwata. Ba wanda ya ce ta gwada. Ita ce ta ce tana so ta rufe littafin digirinta da hoto baƙi ƙirin, shaidar cewa sinadarin ba ya kama komai sai abin da aka ce yana kamawa. Da la'asar ta leƙo ofishina, safar hannu ba ta ko cire ba, ta ce in zo in duba mata, wataƙila idonta ne ya gaji. Na sa ido a madubin, Yaya. Kore shar, wuri ɗaya da na sauran, kyakkyawa kamar kullum. Ashe tun farko wani abu dabam sinadarin yake kamawa, kwalbar ce kawai ke ɗauke da sunan ƙofar. Ta sake gwajin, ta sake, bai canza ba.

Akwai wani abokin aikinsu da suke kira Dogo, yaro mai kirki, ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ce mata ai malama ba wanda ya aike ki, ki jefa gilashin da yankan yake kai can ƙasan durowa, ki karɓi digirinki, in kin zama farfesa kya tuba. Kowa ya yi dariyar dole. Ita ba ta yi ba, domin ta san abin da su ba su sani ba: ta ji ranar da ka ce mata a waya ba ka roƙon komai sai ka gan ta cikin rigar kammalawa kafin idon ya ƙarasa rufewa, kuma ta san abin da likita ya ce game da lokacin da ya rage. Kwana da kwanaki gilashin nan yana cikin jakarta. Tana wanke kwanuka a gidana sai in ga ruwa yana zuba ita tana tsaye. Ta tambaye ni abin da zan yi in ni ce. Na miƙa hannu na rufe famfon.

Da kanta ta kai wa Farfesa. Ta ce min abin da ya hana ta barci shi ne wani ɗalibi a wani wuri zai karanta aikinta, ya yarda, ya ɗora nasa shekarun a kai, kuma can ƙarshen layin akwai uwa riƙe da yaro mai faɗuwa tana jiran magani. Farfesa ya tashi ya cire hoton daga ƙofa da hannunsa, ya ce za a nema mata ƙarin lokaci. Kamfanin da ya sayar da sinadarin ya ba da haƙuri, wai zai aiko da sabuwar kwalba kyauta. Ta ce in tambaye su ko suna sayar da shekaru a kwalba. Nan ne kawai ta yi dariya, dariyar kuma ta ƙare a kafaɗata.

Yanzu ta fara daga tushe. An samo antibodi daga wasu wurare, kuma kowanne sai ta fara gwada shi a kan ɓeran da ba shi da ƙofar. Guda ya ba da duhun da ake nema. Amma ba zan yaudare ka ba, aikin ba zai riga idonka ba. Ita ma ta sani, kuma gani take ta zaɓi gilashi a kan mahaifinta. Ni na kasa cire mata wannan, kai kaɗai za ka iya. Ka kira ta a wayata, zan miƙa mata. Kada ka ce mata ba komai, ta san da komai.

Ka gaishe min da Inna, a ce mata ina nan tafe. Ina gaida matarmu da ƙoƙari, da Babban Yaya da iyalinsa, da Kawu, da ƴan biyu. Maigidan yana gaishe ka ƙwarai.

Da an yi hutu zan kawo maka ita, ba rigar kammalawa ba hularta. Ka zaunar da ita bakin taga inda haske ya fi yawa, ka kalle ta son ranka.

Taka ƙanwa har kullum,
Malama