An Rabar da Motocinka, Malam

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi maka kowace safiya, na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda. Inda kake ba a karatu. Amma duk wanda na buɗe baki zan gaya wa abin da ke cina sai ya tare ni da a yi haƙuri, ni kuma haƙurin ya cika min ciki har ba na iya haɗiyar tuwo. To bari in gaya maka kai, tunda kai ko da ranka ba ka katse ni.

Na fita takaba. 'Yarmu Ummi tana lafiya, ta rame kaɗan, tana zuwa makaranta. Damina ta yi kyau a Kiyawa, mahaifina Baffa ya aiko mana daga can da gero da man shanu. Dutse sai cika take yi, an fasa sabon titi ta bayan gidanmu, mangwaron da kake zama a gindinsa ya tafi.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Maganar motocinka ce.

Ka tuna lokacin da aka yanko mana jiha aka dawo da ku daga Kano? Abokan aikinka kowace Juma'a sai su cika mota su gudu, wai Dutse ƙauye ce. Kai da gidan mahaifinku yake unguwar Garu a nan Dutse ka zauna abinka. Ka tashi daga ofis, ka yi la'asar, ka shige ɗan ɗakin zaure. Gwangwanin madara da na mai kake tarawa, ka yanka, ka miƙar, ka bi da 'yar guduma har su kwanta. Kafin nan ka je tasha da tef ɗin awo ka auna motar gaske daga hanci har wutsiya, direbobi suna yi maka dariya, ka dawo ka rage awon a takarda yadda komai zai zauna daidai. Taya daga tsohon silifa. Sitiyari daga waya. Fitilu daga duwatsun wuyana da suka tsinke. Ka liƙe da dalma, ka goge da samfefa, ka zuba ragowar fentin da masu gyaran mota suke ba ka a famfon fesa maganin sauro, ka fesa. Har tsatsa kake zanawa a gindin ƙofa, da taɓo a bayan taya, wai motar da ba ta da datti ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Akori-kura, tifa, tanka, kiya-kiya, motar asibiti, duk ka jera su a kanta. Amma babbarsu ita ce gingimarin Baffa, wadda take kai shanu Kudu, wadda ta kawo kayan ɗakina ranar da aka kawo ni gidanka. An daɗe da sayar da ta gasken, kai kuma ka dawo da ita daga ƙwaƙwalwarka, damina guda kana yi. Da gashin jelar saniya ka ɗaure burushi ka rubuta addu'ar da ke goshinta. Da Baffa ya gan ta sai ya zauna a ƙasa yana buɗe ƙofarta yana rufewa, dattijo da furfura.

Yayanka, Yaya Malam, wanda ya gaji makarantar mahaifinku, shi bai taɓa ganin komai a ciki ba sai abin kunya. Sau nawa ya ce a gaban mutane wai ɗan malamai, magidanci da 'ya, ya ƙare a wasan gwangwani? Sau nawa ka yi murmushi ka sunkuyar da kai? Da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan ya zo har zaure ya ce 'yan direbobin da ka sassaƙa da itace gumaka ne. Ba ka yi musu ba. Ka ɗauki hantsaki ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka kawo min madafa. Da su na hura wutar tuwon ranar. A wannan ban ce uffan ba, magana ce ta addini, ni kuma ba malama ba ce. Amma motar da babu kowa a cikinta, me ta yi masa? Ita ma rai gare ta?

Sai tari ya zo. Likita ya ce ka rabu da fenti da warinsa, ka ce to. Kwana kaɗan na ji famfon nan yana huci a zaure. Abin da ba zan manta ba shi ne hoton ƙirjinka da aka ɗauka a asibiti. Na neme shi ranar komawa ganin likita na rasa. Ashe ka jiƙa shi, ka kankare baƙin, ka yanka ka yi wa motar asibiti gilashi. Ka nuna min kana murna, wai ba ka taɓa samun gilashi mai haske irinsa ba. Malam, wane irin mutum ne yake yanka hoton ciwonsa ya yi ado da shi? Ka yi tunanina a ranar? Ka yi tunanin Ummi?

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Ranar sadakar uku mutane suka yi yawa, Yaya Malam ya ce a buɗe ɗakin zaure a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Da ya ga motocin sai ya sa aka kira yaran unguwa, ya rabar musu. Ina cikin ɗaki da mata masu gaisuwa, carbi a hannuna, sai na ji ƙarar gwangwani a kan dutse, ana ja ana ihu. Na san ƙarar. Ummi ta shigo da kuka ta ce sun ɗaura musu igiya, har an cire wa tifa taya. Ina takaba, ba ni da ƙafar fita. Na aiki goggona ta roƙi Yaya Malam, ya aiko min da cewa sadaka ce, ladan zai iske ka, in bar kuka a kan tarkace. Har magariba ina jin aikin hannunka yana karyewa a bayan katanga, mata kuwa suna ta ce min sannu da haƙuri, sun ɗauka kai kaɗai nake wa kuka.

Daga baya malamarmu ta Islamiyya ta zo gaisuwa, na tambaye ta. Ta ce kayan mamaci ba a taɓa su kafin a raba gado, balle akwai marainiya a ciki. To ai Yaya Malam ya fi ta sani. Shi yake karantar da wannan babin.

Da na fita takaba na bi unguwa da idona. Tankar na gan ta a kwata, ta lotse. Akori-kurar an cire kanta, wata maƙwabciya tana zuba wa kaji ruwa a bayanta. Ban karɓa ba, na wuce. Gingimarin Baffa ce na nema na rasa, har na fidda rai.

Ran nan na je Garu gaishe su. Ina shiga falon Yaya Malam na gan ta a kan kabad, an shimfiɗa mata ƙyalle mai aiki, an goge ta tana ƙyalli. Tun ranar ya ware ta, bai ba yara ba. Matarsa ta ce min, ba da mugun nufi ba, duk baƙon da ya zo sai ya sauko da ita ya nuna masa, ya ce ƙaninsa ne ya ƙera, irin basirar gidansu ce. Basirar gidansu, Malam! Ashe yana da ido. Ashe duk shekarun nan ya san abin da kake yi, bakinsa ne kawai ya ƙi faɗa sai da ka kwanta dama. Na durƙusa na ce ya taimaka ya ba Ummi, motar kakanta ce, aikin ubanta ne. Ya ce mace me za ta yi da mota, a nan gidan ya kamata ta zauna.

Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne ina fushi da kai, kuma fushin bai huce ba. Mutane suna yabon haƙurinka. Ni na ga inda ya kai mu. Da sau ɗaya ka ɗaga kai ka ce Yaya, wannan abin nawa ne, ina son sa, da bai yi ƙarfin halin buɗe ɗakin nan ba. Ka koya masa cewa naka ba shi da mai shi. Ka tafi da kyakkyawan suna, ka bar ni da faɗan da ka ƙi yi, ni kuma mace, bare a gidanku.

Jibi Baffa zai aiko a ɗauke mu, za mu koma Kiyawa. Yaya Malam ya aiko wai in biya kafin mu tafi, a yafi juna, duniya ba matabbata ba ce. Zan je. Zan cire takalmi a ƙofa, in durƙusa in gaishe shi yadda ka koya min. In ya ce mu yafi juna zan ce masa nawa na yafe, duniya da lahira. Naka da na Ummi kuwa ba a hannuna suke ba, sai ya jira ku.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka, ya ba ni ikon huce maka kafin in iske ka.

Matarka,
Hadiza, uwar Ummi.