Ɗan Farina a Allon Likita

Laraba, bayan isha'i

Na kasa cin tuwon nan. Yau na raka ɗan farina asibiti aka yi masa hoton zuciya, wanda da shi za su gane yadda jikinsa zai karɓi aikin da za a yi masa. Aka shafa masa wani mai a ƙirji, aka ɗora na'ura, sai ga zuciyarsa a allo tana buɗewa tana rufewa.

Likita ya nuna min da biro. "Hajiya, ga ƙofar da ke yoyo. Amma har yanzu zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, shi ya sa nake sa ran zai tashi lafiya bayan aiki, in sha Allahu. Tun yaushe yake kwana a zaune saboda numfashi?"

Wallahi ban sani ba. Gida ɗaya muke, ni nake dafa abin da yake ci. Amma ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na zama in tambaye shi ya jiki. Har alfahari nake da wannan kunyar a cikin mata.

Shi ya amsa, kansa a ƙasa. "Tun azumin bara ne. Ban so hankalin Inna ya tashi ba."

Tun azumin bara! Yau na kalli zuciyarsa fiye da yadda na taɓa kallon fuskarsa.

Ɗazu na tsaya a ƙofar ɗakinsa ina jin tarinsa, na daure na kira sunansa. Bai amsa ba. Bai taɓa jin sa a bakina ba.