Haƙoran Baba

Furnohori, watan Maris

Yaya Lefteris,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali. Bayan haka, ranar Asabar muka tono Baba kamar yadda aka saba, don a wanke ƙasusuwansa da giyar inabi a ajiye kusa da akwatin ƙasusuwan Mama. Ina cikin wanke ƙoƙon kai sai na ga haƙora reras. Yaya, Baba ya mutu da haƙori? Ni dai na san sai na jiƙa masa burodi a madara yake ci. Fada, limamin cocinmu, ya ce in ci gaba, na ƙi. Kaina ya ɗaure.

Ƙanwarka,
Stamatiya

Melbon, watan Afrilu

Stamatiya,

Ina gaisuwa. Ko ɗaya ba shi da shi, ni na raka shi aka cire na ƙarshe. Mai haƙar kabarin nan ya sha ya bugu ne, ya tono kabarin wani. Kada ki kuskura ki ajiye mana baƙo kusa da Mama. Ki huta lafiya.

Lefteris

Furnohori, watan Mayu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mai haƙa bai yi kuskure ba, tudun ne ya yi tafiya. Ruwan bara waccan ya zaftaro maƙabartar Unguwar Sama a kan tamu, ƙasusuwa suka cakuɗe, aka mayar da gicciyen kaburbura da ka. Wanda ya faɗo wa Baba shi ne Anargiros. E, shi dai, wanda kakanninsa suka tare mana idon ruwa tun zamanin Turkawa.

Matarsa Garifaliya ta zo ta duba. Ta ce, "Haƙoran na tsohona ne. Amma wannan zungureriyar ƙafa fa? Mijina guntu ne, yarinya."

Na ce, "To ƙafar tamu ce, Inna."

Muka zauna muna tsincewa kamar zaitun. Da muka zo kan haƙarƙari sai muka kasa gane na wa ne, muka tsaya muna kallon juna. Ta fashe da kuka, ni ma na kama, ban ma san wa nake yi wa ba. Fada ya ce a haɗa su akwati ɗaya da suna biyu. Me ka gani?

Taka,
Stamatiya

Melbon, watan Yuni

Stamatiya,

Gaisuwa. Akwati ɗaya? Mutumin da Baba ke tsallaka titi idan ya hango shi? Ban yarda ba! Ki jira in zo baɗi. Sai na ji daga gare ki.

Lefteris

Furnohori, watan Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka. Ba na iya barin Baba cikin buhu har baɗi. An haɗa su, suna gefen Mama. Jiya Garifaliya ta gangaro har cikin gidanmu da dafaffiyar alkamar sadaka, ta ce tunda tsofaffinmu sun zama ɗaya, ita da mu mene ne yanzu? Na ba ta kujerar Baba. Kai ne babba, ka faɗa mana. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Stamatiya