Ranar da Na Kasa Tashi a Gaban Surukai

Litinin, 2 ga Oktoba

Yau ma sai da rana ta ɗaga kafin yatsuna suka yarda su buɗe. Alli ya suɓuce mini a gaban 'yan aji huɗu, suka yi dariya, na taya su.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Asibiti, Ibadan. Likitar ta ce ba sanyin ƙashin tsofaffi ba ne. Wai garkuwar jikina ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta rikice ta koma cin gaɓoɓina. Na ce, "Ashe maigadi ne ke fasa gidan." Ko murmushi ba ta yi ba. Ba a ɗaukar ciwon, ba kuturta ba ce, ba dole ne ya bi jini ba. Ba ya warkewa, sai dai magani ya kwantar da shi.

Da na dawo Iseyin na sami Maami, mahaifiyata, tana tuƙa amala, na gaya mata. Ta tsayar da muciya.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ke kaɗai."

"To ki haɗiye shi, Abeni, har a kai ƙanwarki ɗakinta. Dangin Kolapo sun fara bincike."

Na sani. Za su bi unguwa suna tambaya ko akwai hauka a gidanmu, ko farfaɗiya, ko kuturta. Mu ma mun aika an tono nasu har kakanni. Sai dai na zaci za ta fara tambayata ko da zafi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ƙanwata Tinuke ta cika gida da waƙa. Ta zo ɗakina tana juyi da ɗankwalin da Baami, mahaifinmu, ya saƙa mata a masaƙarsa. "Anti mi, ɗaura mini, naki ɗaurin ya fi na kowa tsayuwa." Na ce ina da aikin yara. Ta murguɗa baki, wai hassadar tuzuruwa ce. Na jefe ta da matashi. Ina son yarinyar nan har cikin raina, shekara uku tana jiran yaron nan.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Gobe dangin Kolapo za su zo sanin juna. Na gwada durƙuso a ɗaki. Saukar tana da sauƙi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Sun zo da doya da goro da zuma. Shugabar tafiyar gwaggon Kolapo ce, Alhaja Sidikatu mai shagon atamfa, mace mai idon da ke auna mutum kamar yadi.

Aka kira mu gaisuwa. Da na rusuna a tsaye, da an ce 'yar boko ce mai girman kai, gidan ba tarbiyya. Sai na sa gwiwa biyu a ƙasa kamar kowa. Aka sa albarka, kowa ya miƙe. Ni ban miƙe ba.

Na dafa siminti, wuyan hannuna ya ƙi. Wani kawunsu ya ce, "Kai, wannan ladabi! Ko ita ma miji take roƙo?" Aka yi dariya. Da dariyar ta ƙare ina nan a durƙushe.

Alhaja ce ta kama hannuna za ta ɗaga ni. Ta ga yatsun, kumburarru, biyu sun fara karkacewa. Ta sake ni da sauri, ta goge tafinta a zani.

"'Yata, mene ne wannan?"

Maami ta ce, "Faɗuwa ta yi daga babur."

Alhaja ba ta kalle ta ba. "Ke nake tambaya."

Na faɗa. Ina durƙushe, a gaban Baami da ke ji karon farko. Na yi bayanin garkuwar jiki, bayanin ya fito a hargitse. Ba wanda ya ci abincin kirki bayan nan.

Talata, 24 ga Oktoba

Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Sun aiko dattijo. Wai sun kai sunayen an duba musu, taurarin ba su haɗu ba. Kowa ya san ma'anar. Kolapo ya kira Tinuke yana kuka, amma ya ce ba zai iya tsallake danginsa ba. Namijin ke nan.

Baami ya kwana biyu bai hau masaƙa ba. Ya ce da Maami, "Yarinya na ciwo a gidana, sai a bakin baƙi zan ji?"

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Tinuke ta kawo mini ruwan ɗumi da safe, ta ajiye. A bakin ƙofa ta ce, "Anti mi, da kin ce babur ne." Ta fita. Na yi kuka har ruwan ya huce.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na je shagon Alhaja. Ban gaya wa kowa ba. Na ce na zo ne don ƙanwata, lafiyarta ƙalau, a kai ta duk asibitin da suke so. Ta ba ni kujera nesa da atamfofinta. Wannan karon bayanin ya fito a tsare, kuma ban rage murya ba, har masu shagunan gefe suka matso.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na ji tausayinki, 'yata. Amma cutar da ba a san ta ba, ba na kai ta gidan ɗan'uwana." Shi ke nan. Auren Tinuke ya mutu, na gani a fuskarta.

Ina fita wata mai niƙan barkono ta biyo ni har tashar babur. Ta waiga, sannan ta zaro hannuwanta daga mayafi. Sun fi nawa lanƙwashewa.

"Anti malama, naki ma da safe yake sandarewa? Ni an ce mini kuɗin wani na taɓa, aka yi mini asiri. Shekara shida ina wankan magani."

Na ce ba ta taɓa komai ba. Ta sa na maimaita.

Tinuke ba ta tambaye ni inda na je ba, ni ma ban faɗa ba. Ta ninke ɗankwalin ta sa a ƙasan akwati.

Alhamis zan tafi da mai barkonon asibiti a Ibadan. Ba wai na ɗauki wani aiki ba ne, ni da ko alli ba na iya riƙewa. Hanyata ce dai. Ta ce akwai wata a layinsu, na ce ta zo da ita.