A Bar Mini Idon Hagu

Zuwa ga maiɗakina Hadiza, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahama, ina sanar da ke cewa ƴaƴanki sun taso ni gaba a kan maganar ido. Ni ke faɗa, ɗiyarki Mariama ke rubutawa, tunda ban taɓa taka ƙofar lekol na yi boko ba. Na ce ta sa a waya kowa ya karanta, don na gaji da maimaitawa.

Kin tuna shekarar da yana ta rufe mini idon hagu, wani mai magani ya sauka a nan Gouna ya kwantar da ita da allura. Ke kika riƙe mini kai. Ido ya buɗe, amma dishi-dishi, sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba nake bambance tunkiya da kare.

Da damina muna gonar wake, na cire tabarau zan share gumi, sai farin malam-buɗe-littafi ya sauka a hannuna. Ba fari na gani ba. Wani launi ne mai kama da ƙyallin turkuɗin da ya sha bugu, amma ba shi ba ne, kuma har yau ban san sunansa ba. Ga wani farin gizo-gizo laɓe cikin furen kuɓewa. Ke sai da na nuna miki da tsinke, ni kuwa walƙiya yake mini, ƙudan zuma na ta faɗa masa.

Na kai labari ƙofar masallaci. Ni da ake tasowa tun daga Tirmini a tambaye ni kakan wane da iyakar gonar wane, ranar nan aka yi mini dariya. Aka ce allura ta zarce ido ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Ke ba ki yi dariya ba. Kika ce, "Malam, ai Allah bai gama baje kayansa ba." Tun daga nan in kika hango irin ƙwarin nan sai ki ajiye hauya ki jawo hannuna, ki ce, "Zo ka gano mini wannan."

Yanzu na dama ma ya rufe. Yara sun kai ni likita a Damagaram. Lokotoron mace ce mai ladabi, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce cikin rana akwai wani haske da ƙwayar idon ɗan Adam ke tacewa, ni kuwa ƙwayar idona na hagu, allura ta ture ta gefe. Wasu ƙwari jikinsu na maido da hasken nan, da shi suke gane juna, da shi gizo-gizon ke yaudarar zuma.

Hadiza, na daɗe ina jiran mai cewa ban yi ƙarya ba. Da aka faɗa, ko daɗi ban ji ba. Masu dariyar duk suna maƙabarta, ke ma kina can. Wa zan kai wa?

Lokotoron ta ce za ta sa mini sabuwar ƙwaya a duka biyun, in ga har zaren allura, sai dai sabuwar ma tace hasken take yi. Ɗanki Sani har ya ɗaga mini murya, ya ce kullum ina faɗuwa a zaure. Gaskiyarsa. Na gaji da laluben bango, gwiwoyina sun gaji da ƙasa.

Na ba su na dama. Na hagu na ce a bar mini. An ce biyun ba za su jitu ba, kai zai yi ta ciwo. Na ce zan rufe ɗaya da bakin rawani.

Suna cewa taurin kai ne, ban musa ba. Amma na dama idon kowa ne. Na hagu, aikenki yake yi, kuma ba ki sallame shi ba.

Allah ya yalwata makwancinki, ya cika shi da hasken da ba a tace ba. Allah ya sa in na iso, ke za ki nuna mini.

Naki har gobe kiyama,
Malam Habu