Jinin Auta Bayan Ya Bar Sigari

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

An sake kwantar da Auta a asibiti. Gwajin jini ya nuna maganin ƙwaƙwalwar da yake sha ya taru a jikinsa fiye da ƙima, shi ya sa ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki.

Likita ta ce jikin mai shan sigari yana saurin cinye wannan magani, kuma a kan haka aka auna masa ƙwayoyinsa. Ka rantsar da shi a waya ya bar sigarin farat ɗaya, sai maganin ya yi masa yawa. Barin alheri ne, amma da ta sani da ta rage ƙwayoyin. Na ce masa don me bai faɗa ba, ya ce, "Yaya, Kawu fa ya ce tsakanina da Allah ne."

Kada ku damu da ni, kujerar asibitin ta saba da bayana. Roƙona ɗaya, ku ci gaba da addu'a, umarni a bar wa likita.

Allah ya ƙara girma. An sake ɗibar jininsa, sai maganin ya sauka za a sallame shi. Sakamakon bai fito ba tukuna.

'Yarka